Tsakanin Kirari da Makoki: Matsayin Sha'irai Kan Yaƙi Daga Jahiliyya Zuwa Jihadin Sakkwato

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun waƙoƙin yaƙi na Larabci a zamuna huɗu: Jahiliyya, da farkon Musulunci, da daular Abbasiyawa, da jihadin ƙasar Hausa na farkon ƙarni na 19. Ta nuna cewa saɓanin sha'irai tsakanin ɗaukaka yaƙi da la'antarsa ya samo asali daga wurin da kowannensu ya tsaya lokacin da wutar ke ci, da kuma ma'aunin da ya auna yaƙin da shi. Musulunci bai kashe ɗaya daga cikin muryoyin biyu ba. Ya ɗora su ne a kan ma'aunin niyya da kiyaye haddi, har aka samu malami guda da ya yi kirarin nasara, daga baya kuma ya yi kukan lalacewar rundunar da ya jagoranta.

1.0 Gabatarwa

Daga cikin dogayen ƙasidun Jahiliyya da ake kira Mu'allaƙat, waɗanda ɗaliban lugga ke karantawa a zaure da jami'a, akwai guda biyu da kowacce ta fito daga tokar wani dogon yaƙi. Ɗaya ta Amru ɗan Kulsum ce, shugaban Banu Taglib, ɗayar kuma ta Zuhairu ɗan Abi Sulma. Dukansu sun kamanta yaƙi da dutsen niƙa. Amru ya yi alfahari da cewa ƙabilarsa ce ke juya dutsen, duk wanda suka dosa sai ya zama gari. Zuhairu kuwa ya gargaɗi masu sauraronsa cewa su ne hatsin da dutsen zai niƙe. Siffa ɗaya ce, amma ɗaya ya hango ta daga sama, ɗayan daga ƙasa. Tarihin waƙar yaƙi a adabin Larabci, har zuwa malaman Sakkwato da suka gaje shi, ana iya karanta shi a matsayin jayayya tsakanin waɗannan mahanga biyu.

2.0 Jahiliyya: Yaƙe-yaƙe Biyu, Ƙasidu Biyu

Yaƙin Basus tsakanin 'yan uwan juna, Bakar da Taglib, ya tashi a wajen ƙarshen ƙarni na 5 na Miladiyya. Masu ruwayar tarihin Larabawa sun ce Kulaibu ɗan Rabi'a, shugaban Taglib, ya harbi wata raƙuma da ke cikin amanar wata mata mai suna Basus, sai ɗan 'yar uwarta Jassasu ya kashe Kulaibu. Ɗan uwan mamacin, sha'iri Muhalhil, ya ƙaurace wa giya da turare da mata har sai ya ɗauki fansa, ya kuma riƙa hura wutar da waƙoƙin makoki masu cike da barazana. Ruwaya ta ce an shekara arba'in ana zubar da jini.

Amru ɗan Kulsum jikan Muhalhil ne ta wajen uwa, ya kuma tashi a cikin wannan gado. Mu'allaƙarsa kirari ce daga farkon fahari har ƙarshe: tutocin Taglib na shiga fage farare su fito jajaye, sarakuna ba su isa su tanƙwara su ba, kuma duk wanda ya yi musu wauta za su rama da wadda ta fi ta. Kalmar da ya yi amfani da ita a wannan wuri, wato jahl, tana nufin zafin kai da rashin haƙuri, kishiyar hilmi, kuma daga tushenta sunan Jahiliyya ya fito. Amru bai tsaya ga baki ba, domin shi ne ya sare Amru ɗan Hindu, sarkin Hira, a cikin shemarsa, saboda an nemi a wulaƙanta mahaifiyarsa. Banu Taglib sun riƙe ƙasidar suna rera ta babba da yaro, har wani sha'irin Bakar ya yi musu zambo cewa ta shagaltar da su daga aikata wani abin kirki sabo.

A cikin wannan yaƙin akwai mutumin da ya nuna yadda ake jan mai ƙin yaƙi zuwa cikinsa. Harisu ɗan Ubad, jarumin Bakar kuma sha'iri, ya janye jikinsa tun farko domin yana ganin an zalunci Kulaibu. Da Muhalhil ya kashe Bujairu, wanda wasu suka ce ɗansa ne wasu suka ce ɗan ɗan uwansa, Harisu ya yi fatan jinin yaron ya zama sanadin sulhu. Sai aka gaya masa cewa Muhalhil ya ce yaron bai wuce fansar igiyar takalmin Kulaibu ba. Daga ranar ya nemi a kawo masa goɗiyarsa, ya shiga fagen fama da wata ƙasida mai zafi, yana rantsuwa a cikinta cewa ba shi ya kunna wutar ba amma ga shi tana cinsa.

Yaƙi na biyu, na Dahis da Gabra'u, ya tashi tsakanin Abs da Zubyan a kan maguɗi a tseren dawaki. A cikinsa Antara ɗan Shaddad ya yi suna, kuma a wurinsa yaƙi shi ne ƙofar da ɗan baiwa ya bi ya samu 'yanci da nasaba. Bayan shekaru masu yawa, dattawa biyu na Zubyan, Harimu ɗan Sinan da Harisu ɗan Auf, suka ɗauki nauyin biyan diyyar waɗanda aka kashe daga dukiyarsu, wadda ruwaya ta kai ta raƙuma 3,000 a cikin shekara 3. Su ne Zuhairu ya yaba a Mu'allaƙarsa, yana dattijo mai shekara 80. Ya ɗauki yabon da aka saba yi wa mai yawan kisa ya ba masu biyan jinin da ba su zubar ba. Ya siffanta yaƙi da wutar da ke ruruwa idan an tone ta, da raƙuma mai yawan haihuwa wadda 'ya'yanta duk na shu'umci ne. Ya kuma gargaɗi masu ƙulla yaudara a bayan sulhu cewa Allah ya san abin da zukata suka ɓoye, kuma akwai ranar hisabi.

An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) yana fifita Zuhairu a kan sauran sha'irai, domin ba ya yabon mutum sai da abin da ke gare shi. An kuma ruwaito ya gaya wa wani daga zuriyar Harimu cewa kyautar da suka ba Zuhairu ta ƙare, amma wadda ya ba su tana nan.

3.0 Farkon Musulunci: Sabon Ma'auni

Musulunci ya tarar da waƙa makami ce, kuma bai ajiye ta ba. Ayoyin ƙarshe na Suratush Shu'ara'i sun zargi sha'irai da bin kowane kwari da faɗin abin da ba su aikatawa, sannan suka togace waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambaton Allah, suka kare kansu bayan an zalunce su. A ƙarƙashin wannan togaciya Hassanu ɗan Sabit da Ka'abu ɗan Malik da Abdullahi ɗan Rawaha (RA) suka yi aiki. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Hassanu ya mayar wa mushirikai martani, ya kuma shaida masa cewa Jibrilu na tare da shi. Ibnu Rawaha ya cika da kansa abin da ya rera, domin ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, shi ne kwamanda na uku bayan Zaidu da Ja'afar.

Sai dai abin da ake yabo ya sauya. Sha'irin Jahiliyya na tare da ƙabilarsa ko ta shiriya ko ta ɓata. Alƙur'ani kuwa, a Suratul Baƙara, ya kira yaƙi abin ƙi ga rai a ayar da ta wajabta shi, ya taƙaita shi ga tafarkin Allah, ya hana ƙetare iyaka. Suratul Anfal ta yi umarni da karkata ga sulhu idan abokan gaba suka karkata. Hadisi ingantacce ya hana burin haɗuwa da abokan gaba, ya yi umarni da roƙon Allah lafiya, da yin haƙuri idan haɗuwar ta zo. Da wannan, jarumtar da Amru ya rera ta samu wuri amma da sharaɗi, hilmin da Zuhairu ya rera ya zama ibada, jahl kuwa ya zama abin zargi ko a hannun wa.

Wani lamari da Ibnu Ishaƙ ya kawo ya nuna haɗarin tsohuwar waƙar yaƙi idan aka tayar da ita ba a muhallinta ba. Aus da Khazraj sun gwabza a Bu'as shekaru kaɗan kafin Hijira, Musulunci ya haɗa kansu. Wata rana wani mai suna Shasu ɗan Ƙais ya gan su zaune wuri guda, sai ya tura wani saurayi ya rera musu waƙoƙin ranar Bu'as. Kafin a ankara, Sahabbai sun fara kiran makamai, sai da Annabi (SAW) ya fito ya tsawata musu a kan kiran Jahiliyya alhali yana tsakaninsu. Malaman tafsiri da dama sun danganta saukar ayoyin Ali Imrana masu umarni da riƙo da igiyar Allah da wannan waƙi'a.

Haka nan Imamul Bukhari, a Kitabul Fitan na Sahihinsa, ya kawo cewa magabata suna son rera wasu baitoci da ake jingina wa Imru'ul Ƙais a lokacin fitina. Baitocin sun kamanta yaƙi da budurwa mai ado da ke ruɗin marasa hankali a farkonsa, idan ya yi tsanani kuma ta koma tsohuwa abar ƙyama. Shigar wannan siffa cikin littafin hadisi mafi inganci shaida ce cewa muryar gargaɗi ta Jahiliyya ta samu karɓuwa a wurin malaman Sunna, musamman game da yaƙi tsakanin Musulmi.

4.0 Zamanin Abbasiyawa: Fada da Titi

Da daula ta kafu, sha'iri ya tashi daga kakakin ƙabila ya koma mawaƙin fada, kyautar sarki ta zama abincinsa. A shekara ta 223 bayan Hijira (838 Miladiyya) Halifa Mu'utasim ya ci birnin Ammuriyya na Rumawa, ramuwa ga ɓarnar da sarkinsu ya yi a Zibaɗra shekara guda kafin nan. Abu Tammam ya yi wa nasarar ƙasidar da ta zama abin koyi. Ya buɗe ta da fifita takobi a kan littattafan masu duban taurari, ya kuma siffanta ƙonewar birnin da irin kalmomin da ake siffanta kyawun masoyiya. Mai karatu zai ga harshen wuta ya haskaka dare, amma da ƙyar zai ji kukan wanda ke cikin gidajen. Shi ne kuma ya tattara diwanin zaɓaɓɓun waƙoƙin da ya shahara da sunan babinsa na farko, Hamasa, wato jarumta.

Bayan ƙarni guda Mutanabbi ya kai wannan fanni ƙololuwa a fadar Saifud Daula ta Halab, inda ya zauna kimanin shekara 9 daga 337 (948). Ya bi rundunar zuwa iyakar Rumawa, kuma ƙasidarsa kan yaƙin Hadas na shekarar 343 (954) ta mai da fagen fama tamkar wurin biki, gawawwaki tamkar kuɗin da ake watsa wa amarya. Amma a wannan fada, a wannan yaƙin, akwai Abu Firas, ɗan baffan sarkin, jarumi kuma sha'iri, wanda Rumawa suka kama ya yi shekaru a tsare a Ƙusɗanɗiniyya har aka fanso shi a 355 (966). Waƙoƙinsa na kurkuku, Rumiyyat, ba su bar fahari ba, sai dai a cikinsu akwai tsohuwar uwa da ke jira a Manbij, da raunin da bai warke ba, da ɗacin jinkirin fansa. Ibnu Rashiƙ ya kawo labarin cewa lokacin da aka tare Mutanabbi a hanya a 354 (965) ya so ya gudu, sai yaronsa ya tuna masa da baitin da ya yi wa kansa kirarin jarumta, ya juyo aka kashe shi. Ko labarin ya tabbata ko bai tabbata ba, masana adabi sun adana shi domin darasinsa.

Murya ta biyu ta fito daga titunan biranen da aka rusa. A shekarun 197 zuwa 198 (812 zuwa 813) rundunar Ma'amun ƙarƙashin Ɗahiru ɗan Husaini ta kewaye Bagadaza, inda ɗan uwansa Amin yake. Abu Ya'aƙub Khuraimi, wanda ke zaune a birnin, ya yi ƙasida mai baiti fiye da 100 wadda Ɗabari ya adana a Tarihinsa. Babu jarumi a tsakiyarta. Akwai majaujawa da ke jifan unguwanni, da kasuwannin da aka wawashe, da matan kulle da suka fito titi a ruɗe, da uwa tana bin gawar ɗanta, da karnuka suna cin gawawwaki. Khuraimi ya fassara bala'in da sakamakon zunubi da wasa da addini. Yaƙin na 'yan uwa biyu ne, 'ya'yan Haruna Rashid, kuma Musulmi ne a kowane ɓangare.

A 257 (871) mayaƙan Zanj suka shiga Basra suka yi kisa da ƙone-ƙone da kamun bayi. Ibnur Rumi ya yi wa birnin makoki mai ratsa zuciya, ya zana jaririn da aka yaye da kaifin takobi da babban masallacin da ya zama kufai. Abin lura shi ne yadda ƙasidar ta ƙare: da kira ga Musulmi su tashi su ɗauki fansa, da tsoratar da su kunyar tsayuwa gaban Allah da Manzonsa idan suka zauna. Wannan na nuna cewa makoki ba kullum yake nufin ƙin yaƙi ba. Hawaye kan iya zama ruwan kashe wuta kamar a bakin Zuhairu, su kan kuma zama mai kamar a bakin Muhalhil.

5.0 Sakkwato: Muryoyi Biyu a Bakin Mutum Guda

Malaman jihadin ƙasar Hausa sun karanci wannan adabi, sun kuma yi waƙa a kan awonsa. Fitacce a cikinsu shi ne Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya tattara ƙasidunsa tare da bayanin dalilin kowacce a littafinsa Tazyinul Waraƙat a 1813. Ya bambanta da Abu Tammam da Mutanabbi ta fuskar cewa ba mai neman kyauta ba ne. Shi ne jagoran rundunar Jama'a a Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804, inda aka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Ƙasidunsa na wannan rana suna da duk kayan hamasa: ƙarancin Jama'a da yawan abokan gaba, da gudun sarki, da dawaki da sulke da aka bari a fage. Amma ya jingina nasarar ga Allah, ya kuma hange ta da madubin Badar.

Sannan wahala ta biyo baya. A Tsuntsuwa, a ƙarshen 1804, an rasa mutane masu yawa, cikinsu har da ɗimbin mahaddata Alƙur'ani. A Alwasa, a 1805, an sake shan kashi mai tsanani. Malamai da almajiran da suka yi hijira tare da Shehu suka yi ta ƙarewa, gurbinsu ya cika da waɗanda ganima ta jawo. A 1807, rundunar na kan hanyar Alƙalawa, Abdullahi ya sulale da mutane kaɗan ya nufi gabas da niyyar ziyartar Manzon Allah (SAW). Ya bayyana dalilinsa a cikin ƙasida mai ɗaci: abokansa na gaskiya sun wuce, an bar shi cikin mutanen da ke faɗin abin da ba su aikatawa, waɗanda burinsu mulkin garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafi da dawakin ƙawa, masu cin ganima da rashawa, masu sayar da 'ya'ya a kasuwa, sun bar masallatai da makarantu. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan hukunce-hukuncen mulki, sannan ya koma. Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Abdullahi bai janye fatawarsa kan halaccin jihadin ba, kuma bai goge ƙasidun Tafkin Kwatto daga littafinsa ba. Ya ajiye kirarin da kukan a cikin bango guda, shekara 3 kacal tsakaninsu. Takobin bai sauya ba, abokan gaba ma ba su sauya ba. Abin da ya sauya shi ne niyyar masu riƙe da takobin da kiyayewarsu ga haddin Shari'a, kuma da wannan ma'aunin ya yaba, da shi ya zarga.

6.0 Kammalawa

Daga waɗannan misalai abubuwa uku sun fito. Na farko, wurin tsayuwa na da tasiri: shugaban ƙabila da mawaƙin fada sun ga tuta, mazaunin Bagadaza da fursunan Ƙusɗanɗiniyya sun ga abin da ke ƙarƙashinta. Na biyu, la'antar yaƙi a waƙar Musulmi ta fi kaifi a wurare biyu, wato fitina tsakanin masu alƙibla ɗaya, da jihadin da son duniya ya shiga. Na uku, ƙarfin baiti ba hujja ba ne a kan gaskiyar abin da yake kira gare shi, domin Mu'allaƙar Amru ba ta gaza ta Zuhairu a fasaha ba.

Wannan na da muhimmanci ga masu karantarwa. Yankin Tafkin Chadi ya shaida tun daga 2009 yadda masu ɗauke da makamai ke amfani da waƙoƙin zuga da sunan jihadi wajen jan samari, alhali mafi yawan waɗanda dutsen ya niƙe Musulmi ne a garuruwansu da kasuwanninsu da masallatansu. Dabarar Shasu ɗan Ƙais ce, ta ɗauko waƙar wani yaƙi a rera ta a inda ba muhallinta ba. Ɗalibin da aka koya wa Ammuriyya ba tare da Bagadaza ba, ko Tafkin Kwatto ba tare da tafiyar Kano ba, an ba shi rabin gado ne. Malam Abdullahi ya bar wa na baya duka biyun a littafi ɗaya, kuma haka ya kamata a karantar da su. Allah ne mafi sani.